Kwalin Alhamis

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na gane. Ba ranar Alhamis a asibiti ba, ba kuma ranar Juma'a da aka fita da 'yata Auta ba. Waɗannan kwanakin zaune nake kawai, ana shigowa ana fita, ina amsa gaisuwa kamar wadda aka ɗauka aikin amsawa.

Mai tabarau ne ya kawo jakarta. A shagonsa Auta take aikin yanka gilashi da gogewa, shekara uku ke nan. Ya ce shi aka kira aka ba, don katin shagon ne a ciki. Ya ajiye a gabana, ya yi addu'a, ya tafi bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Da ɗaki ya yi shiru sai na ji wani abu yana karce-karce a cikin jakar. Na sa hannu na ciro kwalin ashana. A bayansa an rubuta Alhamis, da rubutun nan nata mai kwanciya gefe guda. Na tura shi ya buɗe, sai ga koriyar fara, siririya, da ɗan ganye a ƙarƙashinta. Ta hau yatsana, ta yi tsalle, ta bi taga.

Fara ta kwana uku a kwali tana da rai. Wadda ta sa ta a ciki babu ita. Nan na gane. Ɗana Babba ne ya shigo ya ɗaga ni daga ƙasa.

Wannan littafin ma a jakar yake, shafi huɗu kawai ta cika da lambobin awon ido. Ni a aji shida na tsaya, rubutuna ba kyau. Ba mai karantawa dai.

Litinin, bakwai da rabi na safe

Na shiga ɗakinta. Hawainiyoyinta biyu suna nan bakin taga, kowacce a kejinta na raga, da ɗan icce mai ganye a tukunya. Babban, namiji ne, ta sa masa Alƙali, wai don yana duban ɓangare biyu a lokaci guda. Ƙaramar kuma Gaggawa, don kafin ta ɗaga ƙafa ɗaya ka gama shan shayi. Ranar da aka sare bishiyar gaban shagonsu ta tsinto su. Wutsiyar Alƙali ta karye ran nan, har yau ba ta naɗe reshe sosai.

Shekara biyu ban taɓa tsayawa na dube su ba. Abin da nake cewa kawai, ki fitar min da waɗannan abubuwan daga gida.

Babba, ɗana na fari, ya biyo kafin ya wuce gareji. Ya tsaya bakin ƙofa da kayan aikinsa a jiki.

"Mama, bari in kai su bayan gari in sake su."

"Bar su."

"Wa zai kula da su? Ke da ko sunansu ba kya son ji."

"Na ce ka bar su."

A ƙarƙashin gado akwai bokiti mai rufin raga, cike da gyare. Na jefa wa kowacce uku-uku, na zuba musu ruwa a murfin kwalba. Ni da nake dafa wa yara ɗari uku a kicin ɗin makaranta, ƙwaro biyu ba za su gagare ni ba.

Laraba, biyar na yamma

Ran Laraba takan biyo ta wurin aikina mu taho gida tare. Yau ina gida. Na dubi ƙofa sau huɗu.

Alhamis, shida saura

Mako guda. Ba zan rubuta abin da na faɗa mata da safen nan ba.

Asabar, goma na safe

Na goge kayanta, ban san don me ba. Na samu wata kwalbar feshi a kan tagarta, na ɗauko na yi guga da ita, na ajiye a ɗakina.

Gaggawa ba ta ci ba tun shekaranjiya. Idonta ya faɗa ciki. Alƙali ya ci ɗaya ya bar biyu suna yawo a kansa. Ruwan murfin yana nan yadda na zuba, na zubar na sake sabo.

Lahadi, bayan azahar

Gaggawa ta mutu. A gindin tukunya na same ta, ta yi baƙi, hannuwanta a dunƙule kamar tana riƙe da reshe. Na naɗe ta a hankicin Auta na binne ta a ƙasar tukunyar.

Babba ya ce, "Mama, ƙwaro ne fa."

Na ce na sani.

Litinin, sha biyu na rana

Na sa Alƙali a kwando da reshensa na kai shi wurin likitar dabbobi. Masu kaji da masu karnuka duk suka matsa suka ba ni benci guda ni kaɗai. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Auta da yawa ba. Ta ce ita shanu da kaji ta fi sani, amma ta ɗaga shi a hankali ta duba bakinsa.

"Mama, yaya kike ba shi ruwa?"

"A murfin kwalba."

"Ai ba sa ganin ruwan da ke kwance. Sai wanda yake ɗiga a ganye suke lasa. Mai su ba ta da abin feshi?"

Shekara biyu ina jin fis-fis daga ɗakinta kowace safiya, na ɗauka gashinta take jiƙawa. Har ina ce mata mai gashi dai ta huta.

Ƙishirwa ce ta kashe Gaggawa, da ruwa a gabanta, kwalbar kuma tana kan teburin gugata.

"Abinci fa?"

"Gyare."

"Kullum?"

"Kullum."

"Wane aiki kike yi, Mama?"

Na faɗa mata. Ta ce, "Kullum shinkafa kike ba yaran?" Na ce da sun jefe ni da cokula. Ta ce to shi ba shi da cokali, yajin cin abinci yake yi, kuma irinsu suna iya yin yaji har su mutu. A riƙa canza masa, yau wannan gobe wancan. Gyaren ma sai an ciyar da su ganye da karas, don abin da ke cikinsu shi yake ci. A kuma barbaɗa musu dakakken ɓawon ƙwai saboda ƙashinsa. Kada a kamo ƙwaro inda aka yi feshin magani.

Ɓawon ƙwai. Nan ma na ɗauka na gyaran fuska ne take tarawa.

Ta tambaye ni ina mai su. Na ce ta yi tafiya.

Litinin, bakwai na yamma

Na fesa ganyen. Ya daɗe yana kallo, sannan ya buɗe baki ya fara lasa. Na tsaya ina fesawa har hannuna ya gaji.

A aljihun teburinta na samu kwalayen ashana uku: Litinin, Talata, Laraba. Na Alhamis yana wurina. Ba ta rubuta inda take zuwa ba, amma hancin mai dafuwa ba ya ɓata. Na Litinin dusa ce a ciki. Na Talata busasshen ganyen kabeji. Na Laraba warin ɓawon ayaba.

Ashe shi ya sa take daɗewa a hanya. Shago yana tashi huɗu da rabi, tafiyar rabin awa ce, amma sai dab da magariba take shigowa. Ni kuma na ƙulla a raina saurayi ne take ɓoye min.

Injin niƙa ɗaya ne tsakanin shagon da gida. Na je. Mai injin ya yi fari fat da gari har gira. Da ya ga kwalin a hannuna ya kashe inji.

"Ina 'yar tsutsa? Mako biyu shiru. Ko ta yi miji ta manta da mu?"

"Ta yi tafiya."

"To ki ce mata tsutsotsinta sun yi ƙiba, sun kusa fara biyan haya."

Ya kai ni bayan inji. Akwai wani tsohon buhun dusa da ya ware mata a lungu, ba ya bari a share wurin. Ya tona da hannu ya zaɓo guda biyar masu ruwan zuma. Ya ce ita takan zaɓi waɗanda suka yi saɓa, masu fari, wai sun fi laushi. Na ce ya zaɓo min irin waɗannan.

Alƙali ya ci biyu. Ban taɓa ganin harshensa ba sai yau.

Talata, shida na yamma

Lambun yana bayan makarantar koyon ɗinki. Mai lambun tsoho ne, kurma-kurma, sai an ɗaga murya. Ya nuna min layin kabeji na ƙarshe, duk ganyen huji-huji.

"Wannan layin 'yar tabarau ne. Ba na sa masa magani. Ita ta gyara min tabarau, ta ce ladanta ke nan. Tana ina?"

Na ce ta yi tafiya. Ya sa hannu a kunne.

"Ta yi me?"

Na sake faɗa. Bai ji ba. Ya matso yana murmushi, yana jira. Sai na ji kaina na ɗaga murya a tsakiyar kabeji na faɗi ɗaya kalmar, wadda ban taɓa faɗa ba tun ran nan. Wannan karon ya ji.

Ya cire tabarau ɗin ya riƙe a hannu. Sannan ya durƙusa ya shiga ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya yana tsinto min tsutsa.

Alƙali ya dube su da ido ɗaya, ɗaya idon yana kan ƙofa. Bai ci ba.

Laraba, shida da rabi

Na koma aiki. Uwar kicin ta hana ni ɗaukar babbar tukunya, ta ba ni yankan albasa, ta ce a nan ko na yi kuka ba mai tambaya.

Da muka tashi na nuna mata kwalin Laraba, na ce ko ta san inda ake tara ɓawon ayaba a unguwar nan. Ta dube ni, ta ja hannuna zuwa bayan kicin ɗinmu, inda muke zuba ɓawon kayan marmarin yara. Ƙudaje ƙanana sun yi gincim a kai.

Na ce, "Ashe ba ni take zuwa gani ba. Ƙudajena take zuwa gani."

Dariya ta ƙwace min, ta farko tun ran nan. Uwar kicin ba ta yi ba.

"Ke dai ba ki da lissafi, ƙawata. Minti biyar take kama ƙudan. Sauran awa gudan fa da take zaune a kan buhun wake tana jiran ki gama wanke-wanke?"

Na koma ciki na ce akwai sauran albasa.

Alhamis, shida saura

Ban je ko'ina ba. Gyare na ba shi. Bai ci ba.

Asabar, tara na safe

Yana shan ruwa, abinci ne ba ya ci. Na daka ɓawon ƙwai, na yanka wa gyare karas da kabewa, suna ci kamar baƙin biki. Shi ko ya koma can ƙasan reshe, launinsa kamar tsohuwar tabarma. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa.

Na zauna gefen gadonta ina yi masa magana. Na ce ni ma ba son abincin nake ba, amma ina turawa. Ya juya min ƙeya.

Litinin, bakwai na yamma

Tsutsar dusa, ya ƙi. Mai inji bai yi wasa ba yau, wani ya faɗa masa. Ya zaɓo fararen ya miƙo min da hannu biyu.

Da safe na samu Alƙali a ƙasan keji. Ya faɗo, wutsiyar ba ta riƙe shi ba. Na mayar da shi kan reshe. Hannunsa ya kama yatsana, ɗan riƙo kamar na jariri.

Talata, shida na yamma

Na yi wa mai lambu ihu a kunne cewa ya ƙi komai, kwana takwas ke nan tun tsutsa biyun nan.

Ya ce, "Ai in Alƙali ya yi yaji, koriyar fara ce maganinsa. Haka take cewa. In ya ga kore yana motsi ba ya iya haƙuri."

Na ce a ina take samowa.

"Ni nan babu, maƙwabta duk suna feshi. Sai can ciyawar bakin kwalbati, ƙetaren babban titi, bayan mai gasa masara. Duk Alhamis take..."

Dama na sani. Tun da na ga kwalaye uku na san inda na huɗun yake kai mutum.

Maganinsa ya hau yatsana ran Lahadin nan, na bar shi ya bi taga.

Laraba, bakwai na safe

Na faɗa wa Babba. Ya ce, "Ba za ki je wurin nan ba, Mama. Kawo kwalin."

Laraba, bakwai na yamma

Ya dawo da kwalin babu komai, idonsa ja.

"Sau uku ina wucewa da babur. Na kasa tsayawa."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da gadonta, duk baƙin mai a rigarsa. Shi da yake cewa ƙwaro ne fa. Ya ɗaga kai ya dubi kejin.

"Kai ma dai da taurin kai kake, kamar uwar ɗakinka. Ka ci gyaren mana, wa ya fi ka?"

Na kawo masa abinci nan ɗakin. Ya ci rabi.

Alhamis, shida na safe

Zan rubuta, in ya so in yage.

Ran nan da safe tana ɗaura takalmi, ina shara. Na ce na gaji da yawon nan nata. Ta ce, "Mama, ba yawo ba ne," tana dariya. Dariyar ce ta ba ni haushi. Na ce in magariba ta yi mata a waje yau, kada ta shigo min gida, ta koma can inda take tsayawa. Ta ce to. Ta ɗauki jaka. A bakin ƙofa ta ce a ajiye mata ƙanzo.

Ban amsa ba.

Na ajiye mata kuwa.

Alhamis, bakwai da rabi na yamma

Na je.

Daga kicin na wuce, ban biya gida ba don kada in zauna. Titin ya fi yadda nake tsammani faɗi, mota layi biyu nan, layi biyu can, da ɗan dakali a tsakiya. Daga wannan gefen ina hango hayaƙin mai masara, kusa ƙwarai, in ka yi kira za ta ji. Gadar masu ƙafa kuwa tana can sama wajen gidan mai. Na bi ta gadar. Na duba agogon waya: minti goma sha ɗaya zuwa, da hawa da sauka. Wanda zai dawo gida, wasu sha ɗayan ne.

Ban dubi kwalta ba. Ƙafafuna na riƙa kallo.

Mai masarar mace ce mai jiki, da tabon ƙuna a hannu. Kwalin da ke hannuna ta gani.

"Ke ce mamanta."

Na ce ni ce. Ta tashi ta ba ni kujerarta, ta juya masarar da ta fara ƙonewa. Wani ya tsaya saye ta ce masa ba ta gasu ba, alhali ta gasu.

Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta ciro rariya. Tawa ce, mai jan hannu, wadda na yi wata shida ina nema har na zargi matar Babba.

"Nan take ajiyewa. Taso in nuna miki yadda take yi."

Ciyawar tana bin kwalbati, kore shar don ruwa ba ya yankewa a wurin. Ta ce ba a binsu da gudu. A ja ƙafa a hankali cikin ciyawa, in ta tashi a bi ta da ido har ta sauka, sannan a kife rariya. Masu ruwan ƙasa a bar su, da masu zane ja da rawaya, waɗannan ɗaci ne da su. Koriya kawai.

Na ja ƙafa. Mace mai shekara hamsin da shida, da kayan aiki, tana kife rariya a bakin titi. Na kife sau bakwai a banza. Mai masara tana daga baya tana cewa, "Hagu, Mama, hagu. Kai, 'yarki ta fi ki hannu." Na takwas na ji motsi a ƙarƙashi. Na samu biyu. Na sa musu ɗan ganye kamar yadda na gani.

Da zan tafi na miƙa mata rariyar ta mayar ƙarƙashin tebur. Ta riƙe hannuna, ba ta saki ba.

"Ina nan lokacin da mota ta buge ta a titin nan. Ni na fara isa wurinta, ni na riƙe kanta har motar asibiti ta zo. Duk abin da kike son sani, ki tambaye ni."

Na dubi gadar can nesa. Na dubi inda na tsaya ɗazu, nan kusa.

Na ce, "Ba yau ba."

Ta ce, "Ina nan kullum."

Ta gada na dawo. Magariba ta yi min a hanya.

Juma'a, takwas na safe

Jiya na iso duhu ya fara, ya riga ya rufe ido. Na kwana da kwalin a gefen matashi ina jin karce-karcen.

Da rana ta shigo taga na fesa ganye, na buɗe kwalin a bakin keji. Farar ta hau reshe tana taka shi a hankali. Idonsa ɗaya ya juyo. Sai ɗayan ma ya juyo, duka biyun suka tsaya wuri guda. Ya ɗaga hannu, ya yi gaba ya yi baya, ya yi gaba ya yi baya, har na ce a raina kai don Allah. Ban ga fitar harshen ba. Na dai ga ƙafafun fara a bakinsa yana taunawa.

Ya ci ta biyun ma. Bayan nan ya ɗauki gyare ɗaya da na barbaɗa wa ɓawon ƙwai, kamar dama can ba shi ya ƙi su ba. Gefen cikinsa ya fara komawa kore.

Na kira Babba a waya. Ana ta buga ƙarfe a bayansa. Na ce ya ci. Ya ce me? Na ce ya ci. Sai na ji ya ce wa mutanensa su dakata da bugun, muka riƙe waya haka.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Na jera kwalayen a kan taga. Gobe inji, jibi lambu, gata bayan kicin. Na wanke kejin Gaggawa, icen yana nan, ina ba shi ruwa. Na koma na faɗa wa likitar dabbobi ya ci, na kuma faɗa mata ba tafiya mai shi ta yi ba.

Alhamis za ta sake zuwa, kuma sai na je, don ba ya daɗewa bai yi yaji ba.

Ban tambayi mai masara ba tukuna ko kullum Auta ta gada take bi.